Motar da Na Ce Ba Ta da Ribas

Na yi ƙarya iri-iri a rayuwata, wata don tsoro, wata don a ƙyale ni in huta, amma wadda na shirga wa taubashina a kan ribas ita ce har yau idan na tuna sai in kama dariya ni kaɗai. Jikokina su yi ta kallona, suna zaton tsufa ne ya fara taɓa ni. Ba su san abin da ke bayan dariyar ba.

A shekarun nan na hamsin, kafin Turawa su tattara nasu-ya-nasu, ni ne direban ofishin daji a Gusau. Mota ɗaya tal muke da ita, wata 'yar jif koriya mai rufin tamfol, gajeriya, mai taurin kai, wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja idan ka danna wata 'yar sanda mai rawayan kai da ke kusa da giya. Ni kaɗai ke taɓa ta. Ni ke wanke ta, ni ke ba ta ruwa da mai, kuma idan na ratsa kasuwa ina matsa oda har mahauta sai sun ɗago kai. Amma ban da wannan taƙama ba ni da komai. Ba gona, ba saniya, ko akuya ban ɗaure ba. Mata ɗaya da 'ya'ya huɗu da ɗakuna biyu a bayan tasha, duk a wuyan sitiyarin nan suke rataye.

Taubashin nawa ɗan kawuna ne, wan mahaifiyata, ya girme ni da shekara uku. Shi dogarin daji ne a ofishin namu, a kan doki yake aikinsa. Yakan zagaya gandun daji tun daga Tsafe har Bungudu, yana duba iyaka, yana hana saran itatuwan da aka hana sara, yana raba rigimar makiyaya da masu gona. Gidansa da gonarsa suna 'Yandoto. Ƙato ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, ga surutu kamar an kunna shi.

Tsakanin taubasai kuwa kowa ya san ba a fushi. Duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya, manya dariya za su yi, wanda ya ɓata rai shi ya faɗi. Shi yana cewa ni bawansa ne da ya gada ta wajen Gwaggo, wato mahaifiyata, ni ina cewa shi ne nawa, har muka yi furfura ba a yanke wannan shari'a ba. Ya taɓa cusa mini kwaɗo a hula ranar kasuwa. Ni kuma na ɗinke masa ƙafafun wando ranar sallah, bai iso filin idi ba sai da wandon ƙanensa da ya tsaya masa a gwiwa.

Wata safiya, damina ta fara ja da baya, Baturen daji ya kira mu ofis mu biyu. Dogo ne siriri, kullum da lofe a baki, yana jin Hausa sosai, sai dai ta hanci take fito masa. Ya ce takarda ta zo daga sama: bayan damina ba za a ci gaba da riƙe direba daban, dogari mai doki daban ba. Mutum ɗaya ake so, wanda zai tuƙa mota kuma ya san daji. Ya nuna ni da lofe ya ce na san mota. Ya nuna taubashina ya ce ya san daji. Sai ya ce a ganinsa koyon mota ya fi koyon daji sauƙi, don haka in ɗauki mako shida in koya masa tuƙi, ranar da suka cika shi da kansa zai gwada shi. In ya iya, makulli nasa ne.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa?"

Ya ce, "Za a duba."

Na daɗe a aikin gwamnati, na san in an ce maka za a duba, to ka fara naɗe tabarmarka. Muna fita taubashina ya dafa kafaɗata yana ƙyalƙyala dariya, ya ce, "Ɗan Gwaggo, ashe yau bawa za shi koya wa ubangidanai hawan jakin ƙarhe!" Na yi masa dariyar haƙori kawai. Gaskiya tsoro ne ya kama ni, kuma na ji haushinsa ƙwarai, duk da na san ba shi ya rubuta takardar ba.

Ba a koya wa mutum tuƙi a kan babban titi, inda motocin gyaɗa da na auduga ke tafe kamar an koro su. Daji na kai shi, na zaɓi hanyoyi masu sauƙi. Akwai wadda masu itace suka fasa ta wajen Ruwan Bore, ƙasa ce jigawa mai tauri, ba dutse ba kwari. Akwai kuma burtalin shanu da ya bi ta bayan Tsafe, mai faɗi, in ka kauce ma ciyawa kawai za ka taka. Na koya masa abin da aka koya mini. Kada ka cusa manyan yatsunka cikin sitiyari, in taya ta bugi kututture zai karya maka su. Kada ka shiga ciyawar da ta fi bonet tsawo sai ka sauka ka taka ta da ƙafa, don kututture da suri a cikinta suke ɓuya. In ka hango yashi, sa ƙaramar giya tun kafin ka shiga, kuma ko uwarka ce ta kira ka kada ka tsaya a tsakiya. In ka zo ƙorama, yanki sanda ka auna ruwa. In gangara ce, ɗauke ƙafarka daga kuloci ka bar injin ya riƙe ta. Duk wannan na gaya masa tsakani da Allah, don ni ma ina cikin motar, kuma ina son raina.

Kwanakin farko na sha kallo. In yana so ta tsaya sai ya ja sitiyari zuwa ƙirjinsa kamar linzami yana daka mata tsawa. In yana so ta ƙara gudu sai ya matse gwiwoyi yana dukan ƙasan mota da dunduniya. Mafi muni ita ce gaisuwa. Mutum ne da ya saba doki ya bi hanya da kansa, don haka da ya hango dattijo a gona sai ya saki sitiyari ya ɗaga hannu biyu yana, "Barka da aiki, Baba!" Haka muka kutsa gonar dawar wani bawan Allah har tsakiya, ina ihun birki, shi yana tambayar mai gona lafiyar iyali. Muka fito da zangarniya a kan tamfol.

Amma kafin mako ya zagayo hannunsa ya faɗa. Yana canza giya ba ƙara, yana gane ƙasa mai laushi tun daga launin ciyawarta. Na dube shi ta gefen ido na ga lalle mutumin nan zai iya, sai na tuna da maganar makulli.

Rannan muka bi wata 'yar hanya ta ƙare a gindin wani dutse, itatuwa dama da hagu, babu wurin juyawa. Ya dubi sandar giya, wadda rubutun kanta ya daɗe da gogewa, ya ce, "To, ina ta baya?"

Wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya buɗe. Na ce, "Wace baya? Wagga ba ta da ribas."

Ya ce, "Haba ɗan Gwaggo, motocin tasha duk ina ganin suna ja da baya."

Na ce, "Waɗancan na 'yan kasuwa ne. Wagga motar soja ce, ragowar yaƙi. Da gangan anka ƙera ta haka, don kada soja ya ji wuya ya gudu da baya."

Ya jinjina kai, ya ce, "Kai, mutanen ga da dabara. To mi ake yi?"

Na ce, "Sai turi."

Ribas ɗin jif ɗin nan dama a ɓoye yake. Sai ka mari sandar da tafin hannu ta yi hagu can ƙurya, ta tsallake wani ɗan ƙarfe mai tauri, sannan ka tura ta gaba. Wanda ba a nuna wa ba zai shekara yana lalube. Taubashina ya sauka, ya ɗaure rigarsa a ƙugu, ya tofa yawu a tafin hannu, ya dafa gaban mota. Ni kuma na matsa kujerar direba wai don in riƙe masa sitiyari. Na rufe sandar da hannun rigata, na yi tari mai ƙarfi don ya danne ƙarar, na mare ta ta shiga, na saki kuloci a hankali. Mota ta fara silalewa baya, shi yana biye yana nishi, jijiyar wuyansa duk ta miƙe.

Na leƙo na ce, "Kai! Ɗan Kawu, ashe haka kake da ƙarhi? Ni da Bature sai mun nemo mutum huɗu muke motsa ta."

Ya share zufa ya ce, "Ai tuwon 'Yandoto ba irin na bayan tasha ba ne."

Na ciji hula don kada dariya ta fashe mini. Daga ranar abin ya zame mini jaraba. Da gangan nake sa shi ya shiga duk hanyar da na ga alamar ba ta ɓullewa, ya sauka ya tura, ni ina ciki a inuwa ina yi masa kirari. Wata rana har kan tudu na hau da ita da baya, shi yana turi, mutanen wani ƙauye suka fito suna salati. Labari ya bazu daga Ruwan Bore har kasuwar Tsafe, wai dogarin daji yana tura mota shi kaɗai ta hau dutse. Wata tsohuwa ta kawo masa fura da nono a ƙwarya ta ce ya sha, irinsa ne ya kamata a ciyar. Ya shanye tas bai rage mini ko kurɓi ba.

Kullum in na koma gida sai in ce wa kaina wasan taubashi ne, gobe zan nuna masa. Gobe ta yi ta zama gobe. Amma a can ƙasan zuciyata na san abin ya wuce wasa. Na san Bature ba zai miƙa makulli ga wanda bai iya ja da baya ba, kuma abin da nake so ke nan.

Shi ma fa bai bar ni na huta ba. Ya ɓullo da nasa salon cin zali. Duk inda hanya ta rabu biyu sai ya taka birki ya ce, "Sauka, bawa." In na sauka sai ya nuna wata bishiya ya ce, "Mi sunan wanga icce?"

Na ce, "Itace."

Ya riƙe ciki yana dariya. "Ku zo ku ga jakin birni! Shekara nawa kana ratsa daji ba ka san kirya ba? Wanga kirya ne, gatari ma tsoronai yake. Wancan maɗaci, wancan marke, wancan ƙawo. In na sake tambayarka ka kasa, hularka ta zama tawa."

Hular kuwa sabuwa ce, ƙube mai aiki, ita kaɗai ce abin ado da na mallaka. Don kada ta tafi na dage. Kafin mako uku ina bambanta ɗorawa da taura tun daga nesa, na san wanda aka hana sara da wanda ba a hana ba, na san tulin duwatsun da ke nuna iyakar gandu. Sai ya ƙaro wani wulaƙancin. In mun yi nisa cikin daji sai ya rufe idonsa da hannu ya ce shi makaho ne, ni ɗan jagora, in gaya masa inda za a bi a koma gida. In na ɓata ya yi ta tsokanata har la'asar. Kuma duk ƙauyen da muka shiga sai ya ja ni gaban mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, ga bawana da na gada wajen Gwaggo, ku riƙe fuskarsa, in kun gan shi yana yawo ku maido mini abina." Masu gari su yi dariya, a kawo mana ruwa. Ni dai ina haɗiye haushi ina cewa a raina, yi abinka, akwai turi a gaba.

Mako shida suka cika. Kwana biyu kafin ranar an yi wani ruwa mai yawa, irin na bankwanan damina. Da safe Bature ya fito da lofensa da taswira a hannu, ya zauna gaba, taubashina a sitiyari, ni a baya kan benci kamar buhun gyaɗa. Ya ce za mu yi wajen Bungudu, mu shiga daji mu ɓulla Rawayya, kuma dogari ya zaɓi hanya da kansa.

Ban taɓa ganin tuƙi mai kyau irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin baƙin cikin tuƙi mai kyau irin na ranar ba. Ya wuce yashi ba tare da mota ta yi ko tari ba. Ya sauka ya taka ciyawa kafin ya shiga. Wani dattijo ya ɗaga masa hannu, ya amsa da ka kawai, hannayensa na kan sitiyari. Bature yana ta gyaɗa kai yana rubutu a ɗan littafinsa. Ni kuwa ina baya ina tunanin yadda zan shiga gida in dubi matata.

Can sai ya karya dama ya bi wata siririyar hanya da ta gangara tsakanin itatuwa. Na ɗan yi mamaki, don a wasan makaho da ɗan jagora ya taɓa zagina a kan wannan hanya, ya ce ko jaki ba ya bin ta bayan an yi ruwa. Muka gangara muka tarar da ƙorama ta cika maƙil, ruwa ja yana gudu da rassan itace. Gaba ba dama, gefe ba wurin juyawa.

Bature ya ce, "To, koma da baya."

Taubashina ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa ya sauka. Ya ɗaure riga a ƙugu, ya tofa yawu a tafi, ya dafa gaban mota, ya ce bismilla ya fara turi. Mota ko gezau. Ya sa kafaɗa, ƙafafunsa suna zamewa a taɓo, yana nishi kamar sa a turke. Lofe ya kusa faɗowa daga bakin Bature. Ya leƙa ya ce, "Me kake yi?"

"Ina ja da baya, ranka ya daɗe."

Bature ya sauko, fuskarsa ta yi ja har kunne. Ya ce, "Wa ya koya maka haka?"

Na sunkuyar da kai. Na san kalma ɗaya ce ta rage tsakanina da kora, kuma korar kunya, wadda ko motar gyaɗa ba mai ba ni bayanta. Sai na ji taubashina ya ce, "Ranka ya daɗe, direba ya yi iyakar ƙoƙarinai. Ni ne kaina na doki ne. Gaba na sani, wagga ta baya ta ƙi shiga."

Bature ya juyo ya dube ni. Da ina da sauran mutunci a lokacin da na buɗe baki na faɗi gaskiya. Ban buɗe ba. Na tsaya ina kallon takalmina har ya ce in karɓi sitiyari in fitar da mu.

Na mari sandar a gaban idon kowa, na ja mota da baya har kan tudu, ba tare da na goga ko reshe ba. Bature ya buɗe taswira ya tambayi taubashina wace hanya ce kuma za ta kai mu Rawayya. Shi kuwa ya riga ya miƙe a bencin baya yana riƙe da ƙugu yana, "Wayyo bayana! Turin ga ya karya ni, ranka ya daɗe, ko gabas ban gani. A tambayi direba."

Bature ya dube ni da shakka. Ni ma da shakkar na dubi daji, sai na ga ashe na san shi. Na ce mu koma wajen kiryar nan da aradu ta tsaga, mu yi hagu, mu bi burtali har inda ƙoramar ta bi ta kan fa, wani shimfiɗaɗɗen dutse, wurin da mata ke wanki, a nan ruwa ba ya wuce gwiwa ko an kwana ana ruwa. Haka kuwa aka yi. A hanya Bature ya fara nuna itatuwa da lofe yana tambaya, ina amsawa tun kafin ya rufe baki, don na saba in na kasa hulata za ta tafi. Ya tambayi iyakar gandu, na tsaya na nuna masa tulin duwatsu a cikin ciyawa. Da muka shiga Rawayya, mai gari ya taso da fara'a yana cewa, "A'a, bawan dogari, yau kai ne da Bature?" Bature ya rufe littafinsa ya sa a aljihu.

Bayan kwana uku aka kira ni aka ce makulli na nan a hannuna, daji ma ya zama nawa. Taubashina aka sallame shi, ya hau dokinsa ya koma 'Yandoto. Ba zan ɓoye ba, na yi murna. Na sayi tsire na kai gida, yara suka ci suna tsalle. Amma ni ko yanka ɗaya ban ci ba. Na raba mutum da aikinsa na shekara da shekaru da ƙarya, kuma ya rufa mini asiri ba tare da ya san ma asirin me yake rufawa ba. Haka nake zato.

Mako biyu ina kauce wa hanyar Tsafe. A na uku aiki ya kai ni, na ce yau ko zai tsine mini sai na faɗa masa. Na isa gidansa da hantsi, kaka ta yi, ana ta shigo da dammunan gero. Don ruɗewa na cusa hancin mota a wani lungu tsakanin rumbuna biyu, wurin da ko ni sai na yi da gaske zan fito. Na same shi a gindin ɗorawa yana ɗaurin dami. Ya ce, "A'a, bawa ya tuna da ubangidanai! A kawo mai ruwa."

Na zauna a kan tabarma na fara kame-kame. Na ce, "Ɗan Kawu, akwai maganar da ni ka so in hwaɗa maka, game da motar ga..."

Kafin in ƙarasa sai ga jakuna uku da kayan gero sun iso, mota ta tare musu hanyar rumbu. Na yunƙura zan tashi, ya danna kafaɗata ya ce, "Zauna, baƙo ba ya aiki. Kawo makulli."

Na miƙa masa, ina jiran in ga ya ɗaure riga a ƙugu. Sai na ga ya buɗe ƙofa ya zauna. Ya tayar da injin. Ya dube ni, ya yi wani tari na ƙarya mai ƙarfi, irin nawa sak, ya mari sandar giya ta yi hagu ta shige. Jif ta silalo baya tsakanin rumbunan nan, tazarar da ke kowane gefe ba ta fi tafin hannu ba. Bai tsaya nan ba. Da bayan ya zagaya rijiya, ya kewaye turken dokinsa, ya zo ya ajiye ta a inuwar ɗorawa daidai gefen tabarmata. Ya kashe, ya sauko, ya jefo mini makulli a cinya.

Da ƙyar na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun turi na ukku. Ran nan wajen Ruwan Bore na gaji, sai na ɗora yatsa guda kan bonet, na ga tana tahiya. Na ɗauke yatsan, na ga ba ta daina ba. Na ce to, ko dai na zama waliyyi, ko ɗan Gwaggo na cikin mota shina tari. Kashegari da ka tahi salla na laluba har na samu."

Na ce, "To don mi ka ci gaba da turi har mako biyar?"

"Fura nike samu. Kuma in na daina, kai ma sai ka daina zuwa makarantar icce."

Na ce, "Aikinka fa, ɗan Kawu? Aikinka ka bari."

Ya nuna rumbuna da haɓa, ya nuna jakuna da gero, ya nuna shanunsa biyu a bayan danga. Ya ce, "Ni in an kore ni, nan zan dawo in ci tuwo. Kai in an kore ka, ina za ka? Ba ka da komi duniya sai sitiyari da dogon baki. In bar jikokin Gwaggo su kwana da yunwa, in ce mata mi?" Sai ya miƙo hannu ya cire hular daga kaina ya kafa a nasa. Ya ce, "Wagga kuma ladan turi ce. Tashi ka kama mini dami, bawa."

Na kama masa dami har azahar. Na koma Gusau kai ba hula, kuma kafin in yi nisa sai da na tsaya a gefen hanya na ɗan jima, don idona ya cika ba na ganin gabana sosai.

Da sitiyarin nan na ciyar da 'ya'yana har suka kama nasu. Shi kuwa har Allah ya karɓi ransa bai gaya wa kowa ba, kuma duk ranar da na ɗauko maganar a gaban mutane sai ya katse ni da labarin wandon sallah. A 'Yandoto da Rawayya an daɗe ana ba da labarin dogarin da ya sauka ya tura mota a gaban Bature, ana dariyar wautarsa, shi ma yana taya su. Wanda duk ya taɓa yin dariyar nan, ya sani a kaina ya kamata ya yi ta. Hular tana nan a wajen babban ɗansa, na gan ta ranar sadakar uku, ban ce a ba ni ba.